Ranar da Na Ƙona Rediyon Baban Falmata

Lallen hannunta na fara gani, lokacin da ta ajiye rediyon babanta a shagona na unguwar Shehuri. Kafin ta ce sunanta Falmata, har na raɗa wa 'ya'yanmu suna.

"Regulata ce, mai daidaita wuta," na ce da muryar jarumin littafi. "Minti biyar, ranki ya daɗe."

Ita nake kallo, ba aikin ba. Na liƙa ƙafafun regulatar a juye, na kunna. Hayaƙi ya turnuƙe mu.

"Malam, da magana kawai ya daina," in ji ta. "Yanzu gawa zan kai wa Baba?"

Maƙwabcina mai gyaran fanka ta aura. Har yau in za ta wuce sai ta ce, "Injiniya, kar ka ɗago, kayan mutane ne a hannunka."