Lofen Da Ya Ƙona Mini Aljihu a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a bakin iyakar Jibiya ba, ko da kuwa na so, domin mutanen wurin ba za su bar ni in manta ba. Gara in ba ku labarin da bakina tun kafin ku ji shi a bakin mai shayin tashar, don shi yana ƙara masa gishiri.

A lokacin ina aikin cike wa direbobin manyan motoci takardun ƙetare iyaka, a wata 'yar rumfar kwano, inda motocin hatsi da na dabbobi ke jan layi kafin su wuce Maraɗi. Aikin ba laifi, sai dai akwai zaman jira, kuma zaman jiran ne ya haɗa ni da Oga Bitrus, wani dattijo mutumin Filato da ke aiki a ofishin duba lafiyar dabbobi. Shi ne mutum na farko da na ga yana shan lofe cikin ƙasaita. A da na ɗauka lofe abin tsofaffin ƙauye ne, ɗan na yumɓu da ake zuƙa a gindin rumbu. Nasa kuwa na katako ne, baƙi, mai lanƙwasa, yana sheƙi. Zai ɗura masa taba a hankali, ya danna da babban yatsa, ya kunna, ya yi shiru yana kallon hanya kamar ya san abin da zai faru baɗi. Ina ganinsa na ce a raina, ai wannan ni ne, shekaru kawai suka rage mini.

Da ya yi ritaya zai koma gida, sai ya bar mini lofen da rabin gwangwanin taba 'yar waje. Ya ce, "Wannan ba sigari ba ne fa, abokina. Sai da haƙuri ake shan shi."

Gaskiya tsakanina da Allah, makon farko ban ji daɗin komai ba. Tari na sha, jiri ya ɗebe ni, harshena ya yi kamar na lashi murfin tukunya. Amma riƙe shi a hannu, wannan kam ya yi mini. In direba ya tambaye ni ko takardarsa ta fito, sai in zare lofen daga baki, in ɗan jinkirta, sannan in ce "tukuna". Kalmar da na saba faɗi ce kullum, amma yanzu sai na ji ta yi nauyi.

Da tabar gwangwani ta kusa ƙarewa, sai na faɗa harkar haɗa tawa. Duk ranar kasuwa ina layin masu taba, ina shinshina ganye ina gyaɗa kai. Na gano ganyen da ake kawowa daga wajen Gangara baƙi ne, mai kauri, yana bugun kai. Wanda ke shigowa daga tsallaken iyaka kuwa ja ne, mara nauyi, amma wuta na cinye shi nan da nan. (Ba zan ɓoye muku ba, akwai ranar da na sayi garin taba mai kanwa, wanda ake sawa a baki, na ɗura a lofe. Tsohon da ya sayar mini ya yi dariya har hularsa ta faɗi.) Bayan wata uku ina gwaji na kai ga haɗin da nake alfahari da shi: kashi biyu na Gangara, kashi ɗaya na tsallake, ɗan barbaɗin ta gwangwani, ɗigon zuma, da dakakken kanumfari, a rufe a kwalba kwana bakwai. Abin da ya fi burge ni da shi, ba ya mutuwa. Tabar Oga Bitrus sai an yi ta ƙyasta mata ashana, tawa kuwa in ta kama ta kama ke nan har gindi. Babu direban da bai ji wannan fahariyar daga bakina ba.

To, a daidai wannan lokacin nake neman auren Rabi, ɗiyar Alhaji Mamman mai hatsi. Ina son yarinyar nan, so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya riƙa wanke babur ɗinsa sau biyu a rana. Magana ta yi nisa, har Alhaji ya yi bincike, ya zauna da Baffa Sale, ƙanin mahaifina, ya yi masa tambayoyin nan da aka saba: yana sallah? Yana da sana'a? Yana shan wani abu? Baffa ya dafa ƙirji ya ce ko goro ban cika ci ba. Ba ƙarya ya yi niyya ba, bawan Allah, iya abin da ya sani ya faɗa, don lofen a rumfa yake kwana, ba ya zuwa gida. Ita kanta Rabi da ta ce tana jin ƙanshin kanumfari a jikina, cewa na yi haƙori ke damuna. Kowa kuma ya san Alhaji ya taɓa sallamar wani manemin babbar ɗiyarsa saboda kwalin sigari da ya hango a aljihunsa. An tsayar da Juma'a manyana za su je a sa rana. Kwana biyar kawai suka rage.

Ranar Lahadin, bayan azahar, ina sanye da sabon kaftanin shadda, na ɗura lofe na kunna, ya kama yadda nake so. Na jingina da ginshiƙin rumfa ina fesa hayaƙi ina jin kaina. Alhaji bai taɓa zuwa ɓangarenmu ba, yaransa ke masa harkar takardu. Ashe ranar motarsa ta gero ta maƙale a layi, ya ce bari ya zo da kansa. Ina juyawa sai ga shi ya ɓullo ta bayan wata babbar mota, carbi a hannu, tsakanina da shi bai fi taku biyar ba.

Da sigari ne, da na yar na taka shi ke nan. Lofe kuwa katako ne mai girman ƙaramin ludayi, ina za ka kai shi? Ban san lokacin da hannuna ya cusa shi a aljihun gefe ba. Na haɗiye sauran hayaƙin da ke bakina, na zube ƙasa na durƙusa.

"Barka da rana, Baba."

"A'a, ɗana, ashe nan kake zamne? Lahiya lau. Ina gajiya? Ya mutanen gida? Ya Malam Sale?"

Ya ja bencina ya zauna. Ku da kuka san gaisuwar dattijo ga wanda zai ba ɗiyarsa, kun san ba a yi mata gaggawa, kuma ba a miƙewa sai an sallame ka. Ya tambayi mahaifiyata. Ya tambayi ƙafar kakata da ke ciwo. Ya shiga zancen damina da yadda gero ya yi kyau a Mazanya. Ni kuwa ina ta "haka ne, Baba", ina addu'a a zuci Allah ya sa wutar ta mutu. Amma wa ya haɗa tabar? Ni na shafe wata uku ina neman wadda ba ta mutuwa, kuma Allah ya ba ni.

Da farko ɗumi na ji a cinya, irin na kofin shayi. Sai ɗumin ya fara cizo. Na matse aljihun da gwiwar hannu don in toshe masa iska, ashe kifar da lofen na yi, garwashin ya zube a kan hankici da wasu takardu da na ninke a ciki.

Alhaji ya ɗaga hanci ya shaƙa. "Wane irin ƙanshi ne wanga?"

"Kanumfari ne, Baba. Haƙori ke damuna."

Ya dube ni da tausayi. "Subhanallahi, ya matsa maka hwa. Ga shi har hawaye kake."

Hawaye kam ina yi, da zufa, kuma na cije leɓe har ya kusa fashewa. Na ce a raina, ko cinyar za ta gasu ba zan motsa ba, Rabi ta fi fata. Abin da na manta shi ne, a gefen rumfata akwai masu sayar da fetur a jarka, an jere jarkoki sun kai goma. Ɗayansu ne ya fara hango hayaƙi na tashi siriri daga gefen kaftanina.

"Wuta! Jama'a wuta! Ga fetur nan kusa!"

Wuri ya hargitse. Masu jarka suka sunkuci jarkokinsu, 'yan acaɓa suka tayar da babura, wani ɗan dako ya yar da buhu ya arce. Mai shayin da ke kallonmu, wanda ya fi kowa zafin nama, ya suri bokitin da yake wanke kofuna ya sheƙa mini tun daga hula har ƙafa. Na zabura na miƙe, ganyen shayi a gira, ruwan madara na bin wuyana. Aljihun ya riga ya huje, sai lofen ya sulluɓo ta ramin, ya gangara, ya tsaya daidai bakin takalmin Alhaji. Kuma wallahi yana hayaƙi.

Duk tashar ta zuba mana ido. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Na sake durƙusawa cikin taɓo, kaina a ƙasa, na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata an fasa.

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki lofen. Sai na ga ya juya shi, ya ƙwanƙwasa shi sau biyu a ƙafar benci, tokar ta zube, ya hura bututun, ya kai hanci. Hannunsa ya fi na Oga Bitrus sanin abin.

"Ganyen Gangara ne," in ji shi. "Amma wa ya ce maka a sa mashi zuma haka? Ita ce ta sa wuta ke ci ta ƙarƙashi. Kanumfari kuwa na shayi ne, ɗana, ɓata ganye kawai ka yi."

Na ɗago kai, bakina a buɗe.

"Mahaihina taba ya noma. Ni kaina shekara goma sha biyu na yi ina sha, sai da ƙirjina ya kusa kai ni ƙasa sannan na bari. Shi ya sa ba ni son ta kusa da ɗiyana." Ya kori 'yan kallo da hannu, ya rage murya. "Amma ba wannan ba. Malam Sale ya ce mani ba ka shan komi."

Nan ne wurin da ya fi ƙunar cinya ciwo. Na ce, "Baffa bai sani ba, Baba. Ni na ɓoye mashi. Laihina ne ni kaɗai."

Ya ja carbinsa yana duban ramin da ke kaftanina.

"Yaron da zai bari wuta ta ci namanshi don kunyata, ban ce ba ya da tarbiyya ba," in ji shi. "Amma ka sa dattijo ya yi maka shaida kan abin da bai sani ba. Ka tahi yau ka hwaɗa mashi da bakinka. In ya ji kuma ya yarda ya tako gidana ran Juma'a, ƙohwata a buɗe take." Ya miƙo mini lofen. "Wanga kuma ba ni zan zamna da hayaƙinshi ba, Rabi ce. Ka san abin da za ka yi."

Tafiyar nan zuwa gidan Baffa, a jiƙe, ina ɗingishi, da rami a kaftani, ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi a garin Jibiya. Baffa ya saurare ni har na gama, ya zage ni tas, ya ce na zubar masa da mutunci, sannan ya ce in ɗage riga ya ga ƙunar. Da ya gani sai ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Har yau yana cewa tari ne ya kama shi.

Rabi kuwa labari ya riga ni isa wurinta (a Jibiya labari ba ya jiran takardar ƙetare iyaka). Da na je da yamma, gaisuwarta ɗaya ce: "Ya haƙori?" Na ce ya warke, kuma ba zai dawo ba. Ta ce za ta gani.

Ran Juma'a Baffa ya saka babbar rigarsa ya je, aka sa rana. Barin tabar bai zo mini da sauƙin da na yi wa Rabi alkawari ba, sai da na yi wata biyu ina tauna asuwaki kamar akuya, ina jin haushin kowa, amma na bari. Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma duk sallah in na je gaida Alhaji na durƙusa, yakan dubi aljihuna ya ce in da abin da ke ci in faɗa da wuri, don shi gaisuwarsa doguwa ce.

Abin da na koya kuwa ɗan kaɗan ne, amma da fatata na saye shi: duk abin da ba za ka iya riƙe shi a hannu a gaban mutumin da kake jin kunya ba, to kada ka yaudari kanka cewa aljihu zai rufa maka asiri. Musamman in da wuta a ciki.