Ranar da Na Mai da Anti Bagirkiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Argungu ba, shekarar da aka ba mu jihar Kebbi. Ina malamin Turanci na wucin gadi, sai aka ce mai duba malamai za ta zo daga Birnin Kebbi, kuma rahotonta ne zai sa a tabbatar da ni ko a sallame ni. Babbar mace ce, har shugaban makaranta Anti yake ce mata.

Ni kuwa murna kamar in yi tsalle, don a makon na gano cewa kawunan kalmomin Turanci da yawa daga Girkanci suka fito. (Shafi biyu kacal na karanta, amma ji nake ni da Girkawa uwa ɗaya uba ɗaya.)

Ta zauna a bayan aji, na kama alli. Na ce tele nesa ke nan, shi ya sa ake da telephone. Micro ƙanƙane. Poly mai yawa. Yara na amsawa, kaina na ƙara kumbura. Na rubuta anti, na ce, "Wannan kuwa duk inda kuka gan shi, gaba ake yi da wani abu. Maƙiyi ke nan."

Wata ɗaliba, Kulu, ta ɗaga hannu. "Malam, to Anti wagga da ke zamne baya, maƙiyiyar wa ta?"

Mai hankali cewa zai yi kalmomin daban suke. Ni fa? Na gyara tsayuwa na ce, "Ita ma Girkanci ce. Ai kun san yadda gwaggo take hana yaro sakat a gida."

Anti ta taso a hankali, ta karɓi allin hannuna, ta rubuta aunty a ƙarƙashin anti. Ta ce wa yaran wannan daga Latin ta biyo ta Faransanci, ko maƙwabtaka ba ta yi da Girkanci. Gumi har cikin takalmina.

A ofis ta ce, "Malam, maƙiyiyar taka ta sa maka hannu. Amma ka sayi ƙamus."

Wallahi ranar na saya. Tun daga nan in ɗalibi ya tambayi abin da ban sani ba, sai in ce ya bari sai gobe.