Wanzamin Jirgi

Sai da na gama haɗa ɗan jirgin saman roba tsaf, wanda zan kai wa surukina Baba Modu, tsohon sojan sama, sannan gwaninta ta motsa mini. Na gani a waya cewa ƙwararru kan fara bin layukan jikin jirgi da baƙin fenti, su fesa fari sama-sama, sai inuwa ta fito kamar jirgin ya sha tafiya. Ni kuwa na ce ai baƙi duk baƙi ne, na ɗauko maka, alƙalamin nan da muke rubuta suna da shi a buhun wake.

"Abban Hanifa, ba ita ce ta ɓata maka farar shadda ba?" in ji matata.

Na sanar da ita cewa harkar jirage ba ta tsakar gida ba ce.

Na fesa fari, tawadar ta keto shi. Na ƙara, ta ƙara fitowa. Fenti ya ƙare, layuka na nan raɗau daga hanci har wutsiya.

Haka na kai masa shi unguwarsu Dogo Tebo, na miƙa a gaban 'yan majalisarsu. Baba Modu ya gyara tabarau, ya jujjuya jirgin, ya shafa tsagar kumatunsa, ya ce, "Ashe ɗan gidanmu ne. Wane wanzamin ya yi masa aiki?"

Jirgin na kan talabijin ɗinsa har yau. Ni kuma duk haihuwar da aka yi a dangi, sai an bugo a ji ko wanzami yana gari.