Siracen 'Yan Tsaki

Wani ne a Yelwa, zamanin da Yauri ke ƙarƙashin Sakkwato. Kamun kifi ya gagare shi, noma ya gagare shi, sai ya ce ai kiwon kaji ne arzikinsa. Ya sai da komarsa ta kamun kifi, ya sayo 'yan tsakin gidan gona kwando guda.

Mai sayarwa ya ce masa ba su son sanyi. Gogan naka sai ya dire kwandon gindin murhun da matarsa Hafsatu ke bandar kifi. Hayaƙi ya turnuƙe su. Kafin la'asar duk sun miƙe wuya, baki buɗe, suna haki.

Hafsatu ta ce, "Malam, hayaƙi ne. Ɗauke su daga nan."

Ya ce, "Ke kifi kika sani. Kifi na da wuya ne, balle ki san ciwonsa?"

Ya ruga gidan Inna Mariya, tsohuwar da ta fi kowa kaji a unguwar.

"Inna, 'yan tsakina na shaƙewa!"

Ta ce, "Kai ɗan nan, fid da su su sha iska mana."

Shan iska? Ai shi ya san inda manya ke shan iska. Ya ɗora kwando a ka, sai bakin ruwa, mashigar jirage. Ya juye su a rairayi, ya sayi gyaɗa, ya harɗe ƙafa. Masunta suka bar gyaran koma suna kallon ikon Allah.

Sai ga shaho. Fyuu! Ya suri ɗaya. Ya dawo, ya ƙara.

Wani masunci ya ce, "Kai bawan Allah, ana kwashe maka dukiya!"

Ya ɗaga kai, ya bi shahon da kallo, ya ce, "Bar su. Iskar sama ta fi ta ƙasa tsabta."

Ya tattara ragowar, ya koma wurin tsohuwa.

"Inna, sun sha iska har sun ƙoshi, amma hakin na nan."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki. "To, tafasa ruwa ka aje kusa da kwandon, ka yafa zane, tururi ya ɗan ratsa su. Sirace ke nan. Kusa na ce, ka jiya?"

"Na jiya, Inna."

A hanya ya yi ta gunaguni. "Kusa! Wane magani ne ke aiki daga nesa? Rowar sani ce irin ta tsofaffi."

Yana isa gida ya jawo madambacin Hafsatu, ya ɗora kan tukunyar ruwa. Ya zuba 'yan tsaki ciki, ya rufe, ya liƙe gefe da tsumma kada magani ya tsere. Ya iza wuta.

Ciki ya ɗauki tsiyau-tsiyau.

Hafsatu ta leƙo daga ɗaki. "Malam, kukan mene ne wannan?"

"Ciwo ne ke fita. Miƙo mini itace."

Can sai tsit. Ya kasa kunne, bai ji komai ba. Ya buɗe murfi, ya kore tururi da hularsa, ya washe baki.

"Hafsatu! Zo ki ga aikin masu ilimi! Ko ɗaya babu mai haki!"

Ta zo, ta leƙa madambaci, ta dube shi.

"Sannu, likita. Da yaji za ka ci, ko in yi maka miya?"