Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta Tafi da Masu Karatuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata kunya da har yanzu ban san inda zan ajiye ta ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda mutanen gida suka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburinta na bakin taga, bayan shekara tara tana hidima, shida daga ciki a shafin intanet ɗin da nake sa labaraina duk Asabar.

Marigayiyar mai haƙuri ce. An zubar mata da shayi sau biyu, ta shanye ba ta ce uffan ba. Tun da maɓallin kunna ta ya lalace na daina kashe ta, don tada ta sai an yi da gaske. Haka take zama ido buɗe, fankarta na ta "furrr", duk bayan rabin awa kuma ta yi wani ɗan "ƙit". Ni na ɗauka gyaran murya ne irin na tsofaffi.

A tsawon shekarun nan, kullum na duba adadin waɗanda suka leƙa shafina, arba'in da tara nake gani. Ba su da yawa, amma nawa ne. Ba su taɓa cewa komai ba, na ce masu kawaici ne. Ranar da aka ɗauke wuta sai su ragu, in ce Allah sarki, su ma an ɗauke musu. Saboda su na sha ƙin zuwa biki, na sha barin tukunya ta kama. Maigidana in ya yi ƙorafi, amsata ɗaya ce, jama'a na jira.

Da mahaifina ya rasu, wata uku na kasa yi wa kowa maganarsa. Su na faɗa wa. Na rubuta yadda na tarar da tabaransa a ninke kan rediyo, da yadda na yi jinkirin zuwa asibiti don ina gyara wani labari. Washegari na ga arba'in da tara, na yi kuka har na gode Allah. A raina na ce mutum arba'in da tara sun ji laifina, kuma babu wanda ya gudu.

Jinyar Gwaggo ba ta yi tsawo ba. Ta fara da zafin jiki, sai "furrr" ya koma "garrr", sai fuskarta ta yi shuɗi. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya busa ƙura, ya girgiza kai.

Ranar Laraba na ari wayar maigida na duba adadin daga ɓangaren mai shafi, inda ba a ƙirga leƙowata. Ɗaya. Alhamis ma ɗaya. Na kira ƙanena, wanda ya buɗe mini shafin tun farko, ina faɗa masa an yi mini sata. Sai a lokacin ya tuna. Ashe ranar da ya haɗa shafin ya sa Gwaggo ta riƙa buɗe shi da kanta duk rabin awa, don ya gwada ko ma'aunin masu leƙowa na aiki, ya manta bai cire ba. Sau arba'in da takwas a yini. Wannan "ƙit" ɗin, jama'ata ke nan.

Wallahi ban san wa zan yi wa fushi ba. Shekara shida ina kwalliya ina shiga ɗaki ina yi wa fanka jawabi! Abin da ya fi damuna shi ne, rubutun ya yi kyau ne don na yarda ana ji. Yanzu na ɗauki biro sau uku ina ajiyewa.

Marigayiyar ta bar allon dannawa mai haƙora uku a karye, da linzamin kwamfuta gurgu, da labarai ɗari uku da goma sha ɗaya, da ni. Ta kuma bar mutum ɗaya da ban sani ba. Na tambayi maigida, ya ce shi yana jira ne a buga littafi. Ƙanena ya rantse bai taɓa wuce kanun labari ba. Yayata ta ce ita ba ta ma san ina rubutu ba.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, lokacin da na saba sa sabon labari. Za a ɗauke ta daga bakin taga zuwa shagon mai gyara, inda za a raba abin da ya yi saura a jikinta ga mabuƙata. Ba a buƙatar taro, don ba mu da shi. Kujera ɗaya zan ajiye kusa da teburin.

Kai ko ke da kike leƙowa kullum, don Allah in zuwa ba zai yiwu ba, a bar mini ko da ɗigo ne a ƙarƙashin wannan sanarwa. Ƙanena ya ce zai kawo mini wata kwamfutar, na ce ya dakata tukuna. Ina so in fara sanin ko mutum ne ya karanta labarin Baba.