Inda Aka Ajiye Muryar Giwa

A wani daji da ruwa ba ya daɗewa a cikinsa, Beguwa da Dila suka tsaya ciniki a gindin kuka.

Beguwa ce mai kula da kwamfutar daji da ke cikin kogon kukar. A ciki aka naɗi muryar tsohuwar Giwa kafin ta mutu, tana faɗin inda ake tono a sami ruwa in fari ya yi tsanani. Ba wanda ya haddace, tunda na'ura ta riƙe.

"Faifai nake so na waje," in ji Beguwa. "In jona, in kwafe komai, in kai shi nesa. Ko wannan ta lalace muna da madadi."

"Hajiya, kyauta ma zan ba ki," in ji Dila. "Ke dai ki sa baki, duk abin da majalisar daji za ta saya nan gaba ya bi ta hannuna."

Suka shirya. Ta jona, ta kwafe, ta kunna, muryar Giwa ta fito tsaf. Saura wurin ajiya, sai ta kai maganar majalisa.

"A kai fadama, wajenmu," in ji Ɓauna. "Mu muka san darajar ruwa."

Biri ya miƙe. "Wato ranar fari sai na durƙusa maka kafin in ji muryar kakata? A kai kan dutse."

"Yaushe Giwa ta zama kakarka, mai jan gindi?" in ji Ɓauna.

Aka yini ana yi. Can Zaki, shugaban majalisa, ya yi gyaran murya. "Na ji kowa. Don kada a ce an fifita wani, faifai zai zauna inda ba na kowa ba, wato kogon kuka, a kan kwamfutar. A ɗaure su tare saboda ɓarayi."

"Ranka ya daɗe," in ji Beguwa, "ai amfaninsa ya yi nisa. Abin da ya ci wannan zai ci wancan."

"An rufe magana."

Ranar ce majalisa ta fara yin baki ɗaya. Beguwa da hannunta ta ɗaura igiyar.

Da rani gobara ta bi ta kan kukar. Beguwa ta tono kwamfuta da faifai daga toka sun narke sun zama curi guda. Damina ta zo, ba ta kawo ruwa ba. Dabbobi suka kewaye ta, tunda ita ce ta saurari muryar. Ta tuna tarin da Giwa ta yi a tsakiyar magana, ta tuna har da kukan kurciya a bayanta. Gabas ta ce ko yamma, wannan ne ya ɓace mata.

Dila ya sayar wa majalisa sababbin faya-fayai biyu, ba abin da za a kwafa a ciki. Ɓauna ya sami ɗaya, Biri ya sami ɗaya, ba wanda ya durƙusa wa wani. Barewa ta bi yamma da 'ya'yanta tana tono, ta dawo ita kaɗai.

Faya-fayan suna nan lafiya, nesa da juna, kuma har yau ko kalma ɗaya ba ta ɓace daga cikinsu ba.