Gyaɗar Bikin Hadiza da Yashin Maguna

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba. Abin ya faru ne a shekarun nan da komai ya yi tsada, lokacin da buhun taki ya gagari talaka, kowane magidanci yake gadin rumbunsa kamar ransa ne a ciki. Na gama difloma a fannin kiwon dabbobi, na zaga Kano da takardu a leda har takalmina ya cinye, babu aiki. Sai na tattara na koma ƙauyenmu can gefen Minjibir, ina cin tuwon Inna ina gyara wa mutane magana.

A shekarar ɓeraye suka saka mu a gaba. Ɗan geron da aka samu da kyar, su ma da shi suka dogara. Baba ya je ya samo maguna biyu. Kafin a ankara sun zama biyar, har da wani baƙin muzuru mai yagaggen kunne wanda babu wanda ya gayyace shi, ya zo ne kawai ya zauna. Gaskiya sun yi aiki, ɓeraye suka yi ƙaura. Sai dai mage ba ta yin ba-haya sai ta sami wuri mai laushi ta tona ta binne, mu kuma a wajenmu gida na manne da gida, gona har bakin katanga, babu wani fili na banza. Don haka suka koma tokar murhu, da buhun dusar awaki, wata rana ma har cikin shanyar gero.

Ranar Inna ta fito da muciya a hannu. "Malam, ko magunan nan su bar gidan nan, ko ni in daina shanya!"

Nan na miƙe. Dama ina neman inda zan nuna cewa kuɗin makarantata ba a banza suka tafi ba. Na taɓa ganin wani bidiyo a waya yadda ake yi wa maguna makewayi a cikin gida: kowace mage da nata mazubin yashi, sannan a ƙara guda ɗaya saboda masu kishi. Na bi gida na tattaro tsofaffin daro shida. Na ari keken Baba na yi sawu uku zuwa rafi ina ɗebo yashi. Na jera darukan a bayan zana, kusa da rumbuna. Kullum da safe sai in ɗauki tsohuwar rariya in tankaɗe yashin, in kai abin da na tsince can cikin juji.

Abin haushin shi ne tsarin ya yi aiki. (Da ya lalace tun farko, da na huta.) Cikin sati ɗaya maguna suka gane. Inna ta koma shanyarta. Ni kuwa kaina ya kumbura. Duk wanda ya tsaya gaisawa da ni sai ya ji bayanin daro shida, ko da sauri yake yi. Daro na shida, wato na ƙarin, shi muzurun nan ya ƙwace ya hana kowa. Da yake na fi jin tsoronsa, nasa nake fi tankaɗewa. In ka ga yashin, fari tas, mai laushi, ko ginin masallaci za a yi da shi.

Ana haka bikin ƙanwata Hadiza ya zo. Saboda yanayi, Baba ya ce ba za a yi ƙarya ba: waina, da kunu, da soyayyar gyaɗa daga wadda muka noma. Aka ɗora suyar gyaɗar a kan Gwaggo Lami, yayar Baba, wadda ta iso daga Ungogo ana gobe ɗaurin aure. Duk dangi sun san babu mai hannunta a suyar gyaɗa. Ita kaɗai ce a gidan ban yi wa bayanin darukana ba, don tun ina yaro in na fara dogon surutu take cewa in je in wanke ƙafata.

Ni a ranar ba ta amarya nake ba. Hankalina na kan Alhaji Sale, kawun ango, mai sito uku na hatsi a Dawanau. An gaya mini yana neman mai ilimi da zai riƙa kula masa da kaya. Na saka shaddata guda ɗaya tilo, na kafa hula, na zauna daf da shi a ƙofar gida.

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka fito da faranti-faranti. Alhaji Sale ya ɗebi gyaɗa ya watsa a baki, ya lumshe ido.

"Kai! Malam Audu," ya ce da Baba, "wa ya soya gyaɗar nan? Rabona da irin wannan tun ina saurayi. Akwai wani ɗan ƙamshi a cikinta."

Ya ƙara ɗiba, har ya zuba wata a aljihu. Ni ma na ci, ba kaɗan ba. Can hira ta gangaro kan ɓeraye, Alhaji ya ce sun kusa haukata shi a sito, ya so ya ajiye maguna amma yana tsoron su ɓata masa buhuna. Jama'a, kamar an buɗe mini ƙofar Aljanna. Na gyara zama na fara. Na yi bayanin ɗabi'ar mage, na yi na yashi, na saka Turanci a inda ba a buƙatarsa. Baba yana ta yi mini ido, na yi kamar ban gani ba.

"Alhaji, in ba damuwa, mu zaga ka gani da idonka."

Muka zaga ta lungun rumbuna, ni a gaba, Alhaji da Baba a baya, sai wasu abokan ango huɗu da suka biyo mu da gyaɗarsu a hannu. Na fara nunawa kamar mai zagayawa da gwamna. Na ɗaya, na biyu, har na biyar. Da na zo kan na shida sai na gan shi wayam, an kwashe yashin tas har ana ganin tsatsar gindinsa.

Mai hankali shiru zai yi ya wuce. Ni kuwa raina ya ɓaci, an taɓa mini aiki a gaban babban baƙo. Na juya wajen zana, inda mata ke girki ta ciki, na ɗaga murya yadda har ƙofar gida sai da aka ji.

"Wai wa ya kwashe mini yashin kashin maguna?"

Hayaniyar mata ta tsaya. Sai muryar Gwaggo Lami, a sake, babu ko damuwa:

"Wane yashi kuma? In dai farin nan ne na cikin daro, ni na ɗiba da safe na soya gyaɗa. Allah ya yi wa wanda ya tankaɗe shi albarka."

Bakin Alhaji Sale ya tsaya a tsakiyar tauna. Ɗaya daga cikin abokan ango ya buɗe tafin hannunsa a hankali, gyaɗa ta zube ƙasa. Baba ya ce "Innalillahi" can ƙasa-ƙasa.

Alhaji mutumin kirki ne, ya so ya fitar da ni. Ya ce, da gyaɗar har yanzu a kumatunsa, "Ai wannan shi ne na ƙarin da ka ce ko? Wato ba sa amfani da shi."

Abin da ya rage mini kawai in ce e. Kalma ɗaya. Amma me ya fito daga bakina?

"Ranka ya daɗe, ai da asuba na tankaɗe shi."

Ban rufe baki ba sai ga baƙin muzurun nan ya diro daga kan rumbu. Ya ratsa ta tsakanin ƙafafun Alhaji, ya shiga daron, ya kankari gindinsa sau biyu, ya ji babu komai. Sai ya ɗago ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi wani kuka mai kama da ƙorafi.

Alhaji ya juya ya tofar. "A ba ni buta."

Cikin minti biyar duk butocin gidanmu da na maƙwabta suna hannun baƙi, an jeru a gindin katanga ana kurkure baki. A cikin gida mata rabi na salati, rabi na dariya har da faɗuwa. Gwaggo ta fito da ludayi tana nemana, wai na zubar mata da mutuncin shekara arba'in. Na shige cikin gonar dawa da shaddata ban fito ba sai da aka kira la'asar. Hadiza kuwa ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata, don a gidan mijinta duk wanda ya ga gyaɗa sai ya tambaye ta ko ta gidansu ce.

Bayan sati biyu sai ga saƙo daga Dawanau. Na fito da murna, na ce ashe dai Alhaji ya ga ƙwazona. Direbansa ya gaida Baba, ya ce Alhaji na roƙon a taimaka masa da maguna biyu da daro uku. Na tsaya a gefe ina gyaran murya, ina jiran sauran saƙon. Babu saura. Ina kallo aka saka su a kwali aka ɗora a mota. Maguna biyu sun sami aiki a Dawanau, mai difloma yana tsaye yana ɗaga musu hannu.

Tun daga ranar, in na nemi abu na rasa, a hankali nake tambaya, kuma sai na fara duba abin da ke bakin mutane.